Ƙungiyar Malaman Arewa ta 1948: tsanin siyasa ce ko taron masu alli?

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa gwamnati ta jingine manufar koyar da yara da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu goyon bayan Turanci suna faɗin tasu, masu kishin Hausa suna mayar da martani. Sai dai da wuya ka ji an ambaci mutumin da zai tsaya gaban allo da alli a hannu, ya ɗauki yaro ɗan shekara 6 daga rarrabe baƙi da wasali har ya kai shi ga karanta jimla. Wa ya koya masa wannan aiki, wa kuma yake sabunta masa shi? Fiye da shekara 70 da suka wuce malaman Arewa sun yi wa kansu irin wannan tambaya, har ta kai su ga kafa ƙungiya.

Karatun boko a Arewa da horar da malamai ya fara. Ajin farko da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 na malamai ne, mutanen da suka riga suka iya ajami, aka koya musu baƙaƙen boko don su je su koya wa wasu. Kwalejin Katsina da aka buɗe a hukumance a 1922 ita ma don samar da malamai aka gina ta. A makarantun elemantare da Hausa ake koyarwa, sai yaro ya shiga midil Turanci yake karɓar ragama. Littattafai kuma sun samu daga Zariya, inda Rupert East da Abubakar Imam suka yi aiki: Ruwan Bagaja, Magana Jari Ce, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939.

Abin da bai samu ba shi ne bakin magana ga malamin kansa. Ma'aikacin En'e ne, albashinsa bai kai na takwaransa na Kudu ba, canjin wurin aikinsa kuma yana hannun hukuma. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT, tana nan tun 1931, amma ƙarfinta a Kudu yake, a makarantun mishan. Malamin da aka tura wani ƙauye a lardin Bauchi ko Sakkwato, abin da ya fito da shi daga makarantar horo shi ne guzurinsa har ya yi ritaya.

A nan Malam Aminu Kano ya shigo. Yana koyarwa a Midil ta Bauchi aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, inda Malam Abubakar Tafawa Balewa ya riga shi zuwa. A can ya ga malamai suna da ƙungiyarsu, suna zama su tattauna sana'arsu, gwamnati kuma tana saurarensu. Daga cikin malaman Arewa da suka yi karatu a Landan tunanin ya tsiro, a 1948 kuma Ƙungiyar Malaman Arewa ta tsaya da ƙafarta. Shettima Ajiram na Barno ne shugaba, Balewa mataimaki, Aminu Kano babban sakatare, Malam Yahaya Gusau yana cikin na gaba-gaba. Ita ce ƙungiyar ma'aikata ta farko da ta game Arewa baki ɗaya.

Labarin ya rabu biyu daga nan. Akasarin masu rubuta tarihin siyasa suna ambaton ƙungiyar a layi biyu, a matsayin share fage: ma'aikatan gwamnati ba su da damar yin siyasa a fili, sai suka fake da sunan malanta, da lokaci ya yi suka yar da allin suka hau duro. Hujjarsu tana da ƙarfi. Mutanen nan su ne suka cika Jam'iyyar Mutanen Arewa da ta yi babban taronta a Kaduna a 1949. An kafa NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, kafin ƙarshen shekarar Aminu ya ajiye aikin koyarwa. Balewa ya zama Firayim Minista.

Ni dai wannan bayani bai gamsar da ni ba, domin yana auna mafarin abu da yadda ya ƙare. Duba abubuwan da ƙungiyar ta sa a gaba: albashi da haƙƙin malamai, gyaran manhaja, da batun ko malaman makarantun mishan za su zama membobi. Wanda ke neman tsanin hawa mulki ba ya ɓata dare a kan manhajar elemantare. Duba kuma shi kansa sakataren. A Bauchi an san shi da rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa yana sa ɗalibai su yi, wato malami ne mai neman hanyar da karatu zai shiga kan yaro ban da bulala da hadda. Da aka mayar da shi Maru, a Zamfara ta yau, ya shugabanci makarantar horar da malamai, canjin da mutane da yawa suka ɗauka hanyar nisantar da shi ce, bai zauna yana jiran siyasa ba. Ya shiga neman yadda za a kyautata koyarwa a makarantun allo, abin da ya ƙara haɗa shi da masu iko. Mutumin da ya yi haka, koyarwa ce ta kai shi siyasa.

Kuma abin da malaman ƙungiyar suke faɗa a kai babba ne. Duk wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya na firamare ya san yaron da zai rera maka shafi guda daga sama har ƙasa, muryarsa ta fi ta kowa. Sa tafin hannunka ka rufe hoton kazar da ke shafin, ka nuna masa kalmar ita kaɗai, sai ya yi shiru yana kallon bakinka. Haddacewa ya yi. Malamin da aka horar ya san maganin wannan: ya fara da sautin harafi, ya haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, gaɓar ka da gaɓar za su zama kaza, ya sa kunne ya ji ko yaron ya bambanta k da ƙ, d da ɗ. Rubutun Hausa yana bin furuci sosai, shi ya sa wannan hanya take saurin kama yaro. Amma sana'a ce da ake koya, ana kuma gyara ta idan malami ya ga yadda ɗan'uwansa yake yi. Takardar shaida ita kaɗai ba ta ba da ita.

Inda masu ra'ayin farko suke da gaskiya shi ne siyasa ta kwashe shugabannin, sana'ar ta yi asara. Duk da haka malaman da suka shiga majalisa ba su manta aji ba. Bayan ƙudirin da Balewa ya gabatar a Majalisar Arewa a watan Agustan 1950 kan gyaran mulkin En'e, aka ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, wanda sunan Malam Ahmadu Kumasi ba ya rabuwa da shi. An ɗebi mutanen gari masu ɗan karatu, aka ba su gajeren horo, suka riƙa tara magidanta a zaure ko gindin bishiya bayan an taso daga gona. Hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga musu abin karantawa, har da jaridun larduna: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya. An rufe hukumar a 1959, amma dattawa da dama da suke karanta wasiƙa da kansu a ƙauyuka daga waɗannan azuzuwa suka fito.

Abin da ya biyo baya an san shi. Ƙungiyar malaman jihohin Arewa ta narke cikin NUT a 1972, maganar albashi da bashin albashi ta mamaye komai. Shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda ake da ƙwararrun malamai, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna don cike giɓin. Daga baya aka rufe kwalejojin horar da malamai masu daraja ta biyu, NCE ta zama mafi ƙarancin shaida. A farkon shekarun 1980 masana suka kafa ƙungiya ta musamman kan koyar da karatu, RAN, wadda ke shirya taruka da buga mujalla. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji 4, ta sallame su. Horo mai ma'ana kan koyar da karatu da Hausa a 'yan shekarun nan yawanci daga ayyukan masu ba da tallafi ya zo, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, kowanne da wa'adinsa. Hukumar USAID ta Amurka, wadda ta ɗauki nauyin Mu Karanta, an rufe ta a 2025.