Kek da Alawar Cakulan na Ranar Kallon Ƙwallo

Kek ɗin ranar ƙwallo wani nau'in kayan zaƙi ne da ake haɗawa a gida da garin koko ko cakulan, a yi masa siffar ƙwallo ko ta filin wasa, ko kuma a shafe shi da launin rigar wata ƙungiya, domin a ci lokacin da iyali da baƙi suka taru kallon wani babban wasa a talabijin. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, inda wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa, wato Super Bowl, wanda aka fara a 1967, ya zama ranar ciye-ciye ta ƙasa baki ɗaya. Daga can ta shiga gidajen Hausawa mazauna waje, yawanci ta hannun yara, waɗanda kan gani a gidajen abokan karatunsu su dawo su ce su ma a yi musu.

A Kano ko Maraɗi ba a san wannan ba. Mai son kallo yakan tafi gidan kallon ƙwallo na unguwa ne, ya biya kuɗin shiga, in ya ga dama ya sayi gyaɗa ko rake a bakin ƙofa, a tashi kowa ya kama gabansa. To amma a Ingila da Amurka da Jamus, wurin da jama'a ke taruwa kallon wasa galibi mashaya ce, kuma ba kowane uba ne zai yarda ɗansa ya saba da zuwa can ba. Shi ya sa iyalai da yawa suka gwammace a taru a falon ɗaya daga cikinsu, wannan ta kawo dambun nama, waccan ta kawo zoɓo da cincin, masu masauki su yi kek. Wanda yake New York ko Maryland ranar 11 ga Fabrairun 2024 zai iya tuna yadda abin ya haɗu: da yamma Najeriya ta kara da Ivory Coast a wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a Abidjan, ta sha kashi da ci 2 da 1, da dare kuma aka shiga Super Bowl. Kek ɗaya ya yi wa wasa biyu hidima.

Koko da cakulan

Da farko dai a rarrabe, domin yaran da aka haifa a waje kan rikice. Kokon da ake sha da ƙosai da safe, na gero ne ko dawa, kuma ba shi da wata dangantaka da kokon da ake yin cakulan. Wannan na biyun 'ya'yan itace ne da asalinsa yake Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda mutanen Maya da Aztek suke shansa da ɗacinsa tun kafin zuwan Turawa. A 1828 ne gidan Van Houten na ƙasar Holan ya fito da injin matse man koko a bar gari, wanda shi ne garin da muke zubawa a kek yau. Kamfanin Fry na Bristol ya yi cakulan na ci na farko a 1847, sannan Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara a 1875.

Itacen na Amurka ne, amma gonar tamu ce. Wani maƙeri ɗan Gana mai suna Tetteh Quarshie ya zo da irin daga tsibirin Fernando Po, ya shuka a Mampong a wajajen 1879, kuma a yau Ivory Coast da Gana su biyu kaɗai suna noma kimanin rabin kokon duniya. Najeriya ma tana cikin manyan masu nomansa, musamman jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba, kuma da kuɗin koko aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan a 1965. 'Yan ci-rani daga arewa, har da Hausawa na Najeriya da Nijar, sun yi ƙwadago a waɗannan gonaki, sun yi dako, sun cika zango-zangon Kumasi da kewaye. Don haka in yaro ya ce cakulan abincin Turawa ne, a gaya masa wata ƙila kakansa ya ɗauki buhunsa a ka. Duk wanda ya lura da tsadar cakulan a kanti kuma, dalilinta rashin kyawun amfanin gona a waɗannan ƙasashe biyu, wanda ya sa farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a 2024.

Yawancinmu da Bournvita da Milo muka fara sanin ɗanɗanon koko. Shi Milo tun asali da wasanni aka haɗa shi: Thomas Mayne ne ya ƙirƙiro shi a Ostiraliya a 1934, aka sa masa sunan wani ɗan kokawar Girka na zamanin da, kuma a Najeriya ya daɗe yana ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare. Sai dai uwargida ta sani cewa Milo ba garin koko ba ne. Akwai sukari da madara da tsiron hatsi a cikinsa, kokon kaɗan ne. In an yi kek da shi zai fito fari-fari, ga zaƙi ya yi yawa. A nemi garin koko tsantsa, wanda in an lasa za a ji ɗaci.

Kek mai siffar filin wasa

Wannan ya fi kowanne sauƙi, kuma ya fi auki. Ga ma'aunin da zai cika farantin gashi mai tsawon santimita 33 da faɗin 23, wanda zai ishi mutum ashirin: fulawa giram 200, garin koko giram 50, bota giram 225, sukari giram 225, ƙwai 4, bekin foda ƙaramin cokali 2 da rabi, madara babban cokali 5, da ɗan gishiri.

Ki fito da bota da ƙwai daga firji tun da wuri su huce, domin bota mai sanyi ba ta bugawa. Ki buga bota da sukari har su yi haske su tashi, sannan ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya kina bugawa. Ki tankaɗe fulawa da koko da bekin foda wuri guda, ki zuba a hankali kina juyawa da cokali, ki biyo da madara. Da zarar farin fulawa ya ɓace ki tsaya. Yawan juyawa bayan an sa fulawa shi ke sa kek ya yi tauri kamar burodi. Ki shafa wa faranti bota, ki zuba, ki gasa minti 30 zuwa 35. In kin soka tsinke a tsakiya ya fito ba ƙullu, ya gasu.

Inda aka fi samun matsala shi ne ma'auni, saboda kowace ƙasa da nata. Zafin da ake so digiri 180 ne a ma'aunin Turai da Saudiyya, wanda ya yi daidai da 350 a oben ɗin Amurka, ko lamba 4 a na gas ɗin Ingila. In oben ɗin mai fanka ne, a rage zuwa 160. Amurkawa da kofi suke awo: kofin fulawa kusan giram 125 ne, kofin sukari giram 200, sandar bota ɗaya giram 113. A Ingila kuma akwai fulawar da aka riga aka haɗa da bekin foda, in ita kika saya kada ki ƙara wani. Wadda ta saba gashi a gida da tukunya da yashi da gwangwanin madara, tana auna zafi da tafin hannu, sai ta yi haƙuri ta bi lambobin nan a karon farko, domin kek mai koko baƙi ne tun asali, ba a gane ƙonewarsa da ido sai an ji ƙauri.

Sai kek ya huce sarai za a yi masa ado. Ki buga bota giram 150 da garin sukari mai laushi giram 300 da madara cokali 2, ki ɗebi kaɗan ki ajiye fari, sauran ki ɗiga masa koriyar kalar abinci ki shafe saman kek. In kina son ya yi kama da ciyawa sosai, ki zuba gogaggiyar kwakwa busasshiya a leda da ɗigon kala, ki girgiza, ki barbaɗa. Farin da kika ajiye ki zuba a leda mai tsabta, ki yanke bakin kusurwarta kaɗan, ki zana layin tsakiya da da'ira da gidan gola biyu. Wannan aikin a bar wa yara, sun fi mu sanin inda layin fenareti yake.

Siffar ƙwallo

Ƙwallon da kowa ke zanawa, mai baƙi da fari, ita ce Telstar da kamfanin Adidas ya yi wa gasar cin kofin duniya ta Meziko a 1970. Fatu 32 aka ɗinka: baƙaƙe 12 masu kusurwa biyar, farare 20 masu kusurwa shida, domin ta fito sosai a talabijin marar kala. Mai son kek ɗin wannan siffa sai ta gasa ƙullun a kwanon tangaran ko na gilashi mai jure zafi, a digiri 160, na awa ɗaya ko fiye, saboda tsakiyarsa mai zurfi ce. In ya huce a kife shi, a shafe da fari, a yanki takarda mai kusurwa biyar a riƙa ɗorawa ana zagayawa da narkakken cakulan. A fara da guda ɗaya a ƙololuwa, sannan biyar kewaye da ita. A gaskiya yana cin lokaci, kuma na farko ba ya cika yin kyau.

Abin da ya fi dacewa da bakinmu, a ganina, shi ne curin dabino da gyaɗa, wanda ba ya buƙatar wuta. A cire ƙwallon dabino mai laushi giram 250, a daka da soyayyiyar gyaɗa giram 100 da garin koko babban cokali 2 har ya kama jikinsa, a mulmula ƙanana kamar gullisuwa, a sa a firji na rabin awa. Sai a tsoma a farin cakulan, in ya daskare a ɗiga baƙi. Mazauna Amurka kuwa ba sai sun sha wahala ba, tunda dabino da kansa siffar ƙwallon Amurkawa gare shi: a cusa gyaɗa a ciki, a tsoma a baƙin cakulan, a ja farin layi ɗaya a gitta masa gajeru uku.

Wajen narkar da cakulan, a ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, kada gindinsa ya taɓa ruwan, kuma kada ko ɗigo ɗaya ya faɗa ciki. Ruwa kaɗan na sa shi ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki.

Launi

Kore da fari sun wadatar wa magoya bayan Najeriya, kuma su ne na Saudiyya, don haka Hausawan Makka da Jidda kwano ɗaya za su haɗa. Su ma suna da nasu a fili: a gasar duniya ta Rasha a 2018, 'yan baya uku na Saudiyya sunan Hausawi suke ɗauke da shi, wato Umar da Mu'utaz da kyaftin ɗinsu Usama Hausawi, haifaffen Makka wanda ya taso a ƙungiyar Al-Wahda mai ja da fari. A wannan gasar ce kuma Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu. 'Yan Nijar masu goyon bayan Mena sai su ƙara ruwan lemo, 'yan Kano Pillars kuma rawaya da kore.

Abin dubawa a jikin kwali

Garin koko da fulawa ba su da matsala. Kayan ado ne ke buƙatar karatu. Alawa mai danƙo da mashmalo da wasu ƙananan kayan barbaɗawa ana yin su da jelatin, wanda a Turai da Amurka sau da yawa daga fatar alade yake. Ruwan banila na asali a Amurka doka ta ce sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan abin da ke shiga kek, amma mai son kauce wa shubuha zai iya sayen garin banila, ko ya bar shi gaba ɗaya, tunda koko ya isa ƙamshi. Jar kalar da aka rubuta wa E120 daga jikin wani ƙwaro ake samunta. A Ingila alamar abincin marasa cin nama tana tabbatar da babu jelatin, amma ba ta tabbatar da babu giya, kuma cakulan na kyauta da ake sayarwa lokacin Kirsimeti wasu da giya a cikinsu.

In yara sun gayyato abokansu, a tambayi iyayensu batun gyaɗa kafin a ba su komai. Mu da muka tashi da ƙuli-ƙuli mukan ɗauki abin wasa, alhali akwai yaran da gyaɗa ɗaya kan toshe wa numfashi har a kira motar asibiti. Dattawa masu ciwon sukari kuma a yanka musu kaɗan, a cire shafen saman, domin can sukarin ya taru.

Zafi da ajiya

Man koko yana narkewa ne a wajajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki. A Landan ko Toronto ba damuwa. A Makka kuwa, inda zafin bazara ke wuce 40, ko a Sakkwato a watan Afrilu, minti goma a mota ya isa ya shafe duk zanen da aka yi. Alhajin da ya taɓa cusa dabino mai cakulan a jaka daga Arfa zuwa Muzdalifa ya san abin da ya tarar da asuba. A irin waɗannan wurare a bar kek a firji, a rufe shi da kyau don kada ya ja warin albasa, a fito da shi in an busa fara wasa, zuwa hutun rabin lokaci ya yi laushi daidai yanka. A gasa tun jajibiri, a yi ado da safe. Wanda ya rage zai kai kwana uku a rufe, curin dabino kuwa zai yi mako guda a firji.