Rage Cin Nama a Inda Naman Ya Yi Ƙaranci: Nazari a kan Cimar Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki kiran da masana ke yi na rage cin nama da komawa ga cimar tsirrai, ta auna shi da abincin mutanen ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe a kudancin jihar Sakkwato. An dogara ne da rahotannin hukumomin duniya, da alƙaluman binciken lafiyar al'ummar Nijeriya na 2018 a matakin jiha, da abin da ilimi ya tabbatar game da sinadaran hatsi da wake da ganyaye. An gano cewa tukunyar yankin ta tsirrai ce tun asali. Shawarar rage nama ta dace da wani ɗan rukuni ne kawai, alhali yara ƙanana da mata masu juna biyu ƙari suke buƙata.

1.0 Gabatarwa

A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ayyukan ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita. A 2015 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, ya kuma ce jan nama ma abin zargi ne. Sai a 2019 kwamitin EAT-Lancet ya fito da awo: gram 14 na jan nama da gram 29 na naman kaji a rana ga baligi, sauran abincin galibi hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itatuwa.

Idan aka tara wannan awo, ya kama kusan kilo 16 a shekara. Mutumin Amurka yana cin fiye da kilo 100. Ɗan Nijeriya kuwa, idan aka raba naman ƙasar daidai wa daida, bai kai kilo 10 ba. Ke nan abin da aka ce masu hali su sauko su tsaya a kai, mu ba mu ma kai gare shi ba. Daga nan tambayar wannan nazari ta taso: wa ake nufi da wannan kira a Tambuwal da Kebbe?

2.0 Tukunyar yankin

Garin Tambuwal, wanda tarihi ya danganta kafuwarsa da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega. Kebbe na kudu da shi, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Ƙasar noma ce da kiwo: gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu, shinkafa da kayan lambu a fadama, ga shanu da tumaki da jajayen awakin Sakkwato.

Duk da wannan dukiya, dabba a gidan manomi ajiya ce. Ita ake kaiwa kasuwa ranar da rashin lafiya ta taso, ko za a sayi taki, ko za a aurar da 'ya. Yanka sai da dalili: layya, suna, biki, ko baƙo na musamman. Abincin yau da kullum shi ne tuwon gero ko na dawa da miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa, wadda daddawa ke ba ta armashi, sai fura da rana, kunu ko koko da ƙosai da safe. Da damina ga kwaɗon zogale da na tafasa da na rama, a dafa ganyen a matse, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da barkono da albasa. Wanda ya zo daga Turai da wa'azin cimar tsirrai, da ya leƙa wannan akushi zai tarar an riga shi.

Kuma akwai ilimi a cikin wannan haɗi. Hatsi yana da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Wake, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, yana da laisin isasshe, amma ya gaza a wani tubalin da hatsi ke da shi. Idan suka haɗu a ciki, kamar koko da ƙosai ko shinkafa da wake, sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Awara ma ta shigo ta samu gindin zama: a jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami har ta dunƙule, a matse a yanka a soya. Furotin ne mai kyau a kuɗin da yaro zai iya riƙewa a hannu.

3.0 Inda tsirrai suka gaza

Da furotin ne kaɗai matsalar, da zancen ya ƙare a nan. Binciken lafiyar al'umma na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A jihar Sakkwato adadin ya kai kusan 55, a maƙwabciyarta Kebbi 66. Ƙarancin jini ya kama kashi 58 na matan ƙasar masu shekarun haihuwa, kuma Sakkwato ce ke kan gaba da kashi 74.

Ba abinci kaɗai ke jawo wannan ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da gudawa da haihuwa kusa-kusa duk suna da hannu. Amma rabon abinci a fili yake. Gero yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da zinki, sai dai yana tare da wani sinadari, faitet, mai ɗaure su ya hana hanji tsotsarsu. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga jini. Bitamin B12 kuwa, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba a samunsa ta hanyar da za a dogara da ita sai daga dabba: nama, kifi, ƙwai ko nono. Shi ya sa nonon da ake dama fura da shi ya fi ƙarfin a kira shi mahaɗi kawai. A gidaje da yawa shi ne kaɗai abin dabba da ke shiga cikin yaro a mako. Satar shanu da ta addabi wannan shiyya, da hauhawar farashin abinci da ta zarce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, sun sa fura da ruwa ta yawaita, kuma wannan asara ce da ba kasafai ake lissafa ta ba.

Masana ma sun lura. Wani nazari na Hirvonen da abokan aikinsa a 2020 ya nuna aƙalla mutum biliyan 1.58 ba su da ƙarfin sayen cimar EAT-Lancet. Na Beal da abokansa a 2023 ya nuna tana iya gazawa wajen ƙarfe da zinki da kalsiyam da B12. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 6 zuwa 23 nama ko kifi ko ƙwai kowace rana.

4.0 Wa zai rage, wa za a ƙara wa?

Akwai masu cin nama fiye da kima a yankin, kuma an san su. Ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko direba, wanda ke tsayawa wurin mai tsire ko mai balangu da almuru, ya ci a tsaye ya kora da lemun kwalba, ya iso gida a ajiye masa tsokar da ke cikin miya. Wannan shi ne wanda hawan jini da ciwon suga ke bibiya, kuma shawarar rage nama da kitse da gishiri tasa ce. Ba ta saɓa wa addini ba. Nama halal ne, layya sunna ce, amma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai gargaɗin Sayyidina Umar game da yadda nama ke kama mutum da sabo. Malamin da zai yi wa jama'a bayani yana da madogara a littafin da suka sani.

Abin da ke damun mai wannan nazari shi ne naman da aka rage daga bakin maigida ya kamata ya faɗa kwanon yaro da na mai ciki, ba ya tsaya a kasuwa ba. Al'adar fifita babba a rabon nama, da camfin da ke cewa ƙwai yana koya wa yaro sata, suna cutar waɗanda suka fi kowa buƙata.

Ta fuskar muhalli kuwa, akuyar da ke cin harawa da dusa, ta mayar wa gona da taki, ba ɗaya take da garken da ake sare daji a Barazil domin noma masa abinci ba. Ɗora wa makiyayin Kebbe laifin ɗumamar duniya zalunci ne.

5.0 Abin da za a iya yi

Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, yana rage faitet; a ƙarfafa wannan. A haɗa abincin wake da ganye da abu mai bitamin C, irin su tumatir ɗanye da lemun tsami da garin 'ya'yan kuka, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin shayi na hana ƙarfe shiga jiki. Ma'aikatan asibitocin karkara su riƙa koya wa iyaye mata daka busasshen kifi ko fara a zuba a kunun yaye. Ƙwan zabi da ke yawaita da damina, kafin a kai tire bakin hanya, a cire wa kowane yaron da aka fara ba abinci guda ɗaya.