Daga Badala Zuwa Gadar Sama: Tarihin Tafiyar Ƙafa a Kano

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Tambayar yau gajera ce. In kana zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ka tashi da asuba kana son ka yi sassarfa ta kilomita 5, ko ki ɗauki ƙanwarki ku taka na minti 30, ina za ku bi ba tare da adaidaita sahu tana hura muku ƙaho a ƙeya ba? Da yawanmu za mu ce ai wannan harkar Turawa ce, ko ta masu kuɗin Nasarawa. To tarihi bai yarda da mu ba. Kano gari ne da aka gina shi domin mai tafiya a ƙasa, kuma a yau mai tafiya a ƙasan shi ne ya fi kowa rashin gata a kan titi. Bari mu bi abin daga tushe.

Mu fara da ganuwa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ta, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, aka ƙara faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya iso Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta da mil 15, tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15. Bayan Turawa sun ci garin a Fabrairun 1903, Lugard ya rubuta mil 11 a rahotonsa. Wato dai tsakanin kilomita 18 da 24. Masu gudun fanfalaki sun san rabin gasar kilomita 21 ne. Kun ga ke nan kakanninmu sun bar mana da'irar da ta kai tsawon rabin gasar, ta zagaye gari cif.

Wani abin da Clapperton ya lura da shi ya fi wannan jan hankali. Ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi 1 cikin 4 na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Da gangan aka yi haka, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da wurin kiwo, mutanen ƙauye kuma su samu mafaka. Amma amfaninsa na yau da kullum shi ne mutumin birni yana fita daga lungu ya faɗa fili. Ga Dala, ga Goron Dutse, ga kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini suna riƙe ruwan damina.

Ƙofofin kuwa kowacce bakin wata doguwar hanya ce. Ta nan fatake suke fita da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Ta nan ayarin raƙuma yake shigowa daga Agadas da Gat da Gadamas zuwa kasuwar Kurmi. Ta nan alhazan da suke nufar gabas a ƙafa, su ratsa Barno da Sudan, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Makka. Hanyar Zariya da ta ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ta wuce Unguwa Uku da Na'ibawa, wadda yau muke tsoron tsallakawa, ita ma magajiyar irin waɗannan hanyoyi ce. Kafin kwalta, sawun mutum da na dabba ne suka shata hanyar kudu.

Zuwan Turawa ya sauya lissafi ta fuska biyu. Na farko, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya koma bakin tasha, gari ya fara girma a wajen ganuwa. Na biyu, sun raba garin gida-gida. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kariya daga zazzaɓi. A can ɓangarensu aka shuka itatuwa a jere a bakin titi, aka ware filin sukuwa, da na folo, da na golf. Daga nan ne tunanin nan ya samo asali, cewa inuwa da fili da motsa jiki na manya ne. Har yau in ka shiga Nasarawa da safe za ka ji iskar daban take, kuma ba wani sirri ba ne illa bishiyoyin da wasu suka shuka tun kafin a haifi iyayenmu.

Duk da haka talaka ya samu abin hawansa, wato keke. Tambayi kakanka ko wani dattijo a majalisar unguwa me keken Raleigh yake nufi a zamaninsu. Malamin makaranta, dillalin gyaɗa, ɗan doka, mai kai saƙo, kowa a kan keke. Ango yakan yi wa nasa ado kamar doki. Kasuwar ta kai har kamfanin Raleigh ya kafa masana'antarsa a Bompai. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, ba hawa ba gangara, irin garin da masu tsara birane a duniya suke mafarkin samu domin keke. Yau kuwa wanda ya hau keke zuwa aiki sai a ce karayar arziki ce ta same shi.

To ina unguwanninmu suka shigo? Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Hausawa, Darmanawa, Daurawa, duk bayan gari ne a da, ƙauyuka da gonaki, har gari ya malalo kudu ya haɗiye su. An yi ƙoƙarin tsara wannan girma. Akwai tsarin shekara 20 na babban birnin Kano, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta. Sai dai yawan jama'a ya riga takarda gudu. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya bar mana gidan zu, kuma shi ne babban dajin da ya rage kusa da mu, wanda ma an sha maganar ɗauke shi zuwa Tiga. A 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. Zuwa ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai tana da mutum fiye da 220,000. Ku lissafa shekarun da suka wuce tun daga lokacin, sannan ku lissafa filayen wasan da aka ƙara mana. Yawancin filayen ƙwallon da yayyenmu suka taka, yau gidaje ne ko shaguna.

Daga nan sai zamanin inji. Acaɓa ta cika gari, ta kori keke. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babur mai ƙafa uku a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sunan ya bi shi har yau. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero a kusa da Masallacin Murtala, nan Hausawa, gwamnati ta hana acaɓa, adaidaita ta gaje titi gaba ɗaya. Sai gadoji suka biyo baya: ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro. Ba wanda zai ce ba su rage cunkoso ba. Amma ku tsaya a Dangi ku kalli tsohuwa da jikanta suna neman tsallakawa, za ku gane wa aka yi wa aikin. Inda aka yi ɗan dakalin masu tafiya a gefen titi kuma, mai shago ya baza kaya, mai mota ya faka, mai janareta ya ajiye, sai mai ƙafa ya sauko kwalta ya yi ta kasada da ransa.

Ita kuwa badala, kowa ya ga abin da ya same ta. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO domin neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma ana ta ɗibar ƙasarta ana yin bulo, ana yanka ta ana fitar da filaye. Bi titin BUK daga Ɗan'agundi zuwa Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya har Kabuga, ka ƙirga inda ta rage da inda ta zama tarihi a baki. Kududdufan ma an cike da yawa an yi gini, shi ya sa ruwan sa'a guda yake mayar da titi kogi. Rigimar rusau ta 2023 ta sa kowa ya yi magana a kan filayen gwamnati, amma yawancin muhawarar a kan jam'iyya ta ƙare. Kaɗan ne suka tambayi abin da za a yi da filin domin jama'a.

Wasu garuruwan sun fuskanci irin wannan, suka zaɓi wata hanya. Birnin Shiyan na ƙasar Sin ya gyara ganuwarsa mai kusan kilomita 14, yau mutane suna hayar keke suna zagayawa a kanta. Tamu ta ƙasa ce, ba za ta ɗauki haka ba, amma gefenta zai ɗauka. Bogota ta ƙasar Kolombiya tun 1974 ta fara rufe tituna ga motoci, yanzu duk Lahadi fiye da kilomita 100 na masu keke ne da masu gudu, daga 7 na safe zuwa 2 na rana. In kun ce can nesa ne, Kigali ta Ruwanda ta fara nata a 2016, Adis Ababa ta bi a 2018. Ba gada suka gina ba, shinge suka sa da jami'an hanya. Mu ma ai mun iya. An sha tsayar da motoci da Sallah saboda Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, kuma gari bai taɓa rushewa ba.

Maganar nan ta wuce nishaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Likita zai ce wa mahaifiyarka mai hawan jini ko ciwon suga ta riƙa takawa kullum. A ina? Namiji ko banza zai sa takalmi ya bi gefen titi bayan sallar asuba, ya haɗa da addu'ar kada ya gamu da masu ƙwacen waya. Mace fa? In babu wuri mai haske da tsaro da mutunci, an cire rabin al'umma ke nan daga maganar.

Don haka ga abin da muke ganin ya kamata matasan Tarauni su riƙe. Na ɗaya, abin da ya rage na badala a shata shi, a bar masa fili a gefe, a shuka darbejiya, a yi turbar ƙafa da ta keke, ko da daga Ɗan'agundi zuwa Kabuga ne a fara. Na biyu, duk sabon titin da za a yi a unguwanninmu a tambayi ɗan kwangila da kansila ina wurin mai tafiya a ƙasa, tun aikin yana kan takarda. Na uku, a gwada rufe titi guda, safiyar Lahadi guda a wata, daga 6 zuwa 9, a ga ko mutane za su fito. Na huɗu, gidan zu ya zauna a matsayin daji, ko dabbobin sun tashi ko ba su tashi ba. Na biyar kuma namu ne: ƙungiyoyin unguwa su haɗa tawagar tattaki, maza daban mata daban, domin ɓarawo ba ya tarar mutum 20.

Masu neman ƙuri'a za su zo, kuma za su lissafa mana gadoji. Mu tambaye su kilomita nawa suka yi wa wanda ba shi da mota, tunda shi ne mafi yawa a layin zaɓe.

A shiri na gaba za mu ɗauki kududdufan Kano ɗaya bayan ɗaya, yadda aka same su da yadda aka rasa su. Wanda kakansa yake da labarin keke ko na badala, ya tambayo mana shi tun yana da mai ba shi.