Peugeot 504: Motar Da Ta Yi Sarauta A Tashoshinmu

In kana son ganin dattawa sun yi gardama har shayi ya huce, ka je fadar tsofaffin direbobi kusa da tashar Maraɗi, ka ce Toyota ta fi Peugeot. Ni na gwada sau ɗaya, ban ƙara ba. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan 504 tsakanin Maraɗi da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, ya dube ni ya ce: "Kai yaro, motar yanzu gwangwani ce. Fijo ƙarfe ce." Tun ranar nake bin tarihin motar nan, kuma abin da na gano shi ne maganar ƙarfe rabin labari ce kawai.

A shekarar 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 daga masana'antarsa ta Sochaux, a gabashin Faransa. Tun haihuwarta da rigimar ma'aikata ta zo. An so a nuna ta kafin hutun bazara, sai babban yajin aikin watan Mayu ya tsayar da ƙasar baki ɗaya. Ranar 11 ga Yuni ƴan sanda suka yi arangama da masu yajin aiki a Sochaux, ma'aikata biyu suka mutu. Sai a watan Satumba motar ta fito. A shekarun da suka biyo baya, da yawa daga cikin masu tsayuwa a layin haɗa motoci a Faransa baƙi ne, ƴan Maroko, Aljeriya, Turkiyya da Yugoslabiya, su ke aikin da ya fi wuya, su ke ƙasan tsanin albashi. A fada ba a taɓa kawo zancensu. Ana cewa "Bature ya iya ƙira", alhali hannun da ya ɗaure kusoshin sau da yawa na wani Muhammadu ne.

Motar ta dace da hanyoyinmu, wannan ba gardama. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafun baya ke tura ta, injinta kuma ba shi da wani sirri. Ta ci babbar tseren Safari ta Kenya a 1975, abin da ya ƙara mata suna. Zuwa Nijar kuwa ta hanyoyi biyu ta yi. Ta farko daga arewa: samarin Turawa su sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha, su keto hamada ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka, su sayar a Arlit, Agadas, Tawa ko Yamai, su koma gida a jirgi da kuɗin. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, lokacin da tawaye a arewa da yaƙin basasar Aljeriya suka rufe hanyar.

Hanya ta biyu ita ce mai muhimmanci, kuma daga kudu take. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna, zamanin Janar Gowon, lokacin da kuɗin man fetur ke ambaliya a Najeriya. Tashar jiragen ruwan Legas ta cushe a wannan lokaci, har jirage na yin watanni suna jiran sauke kaya. Saboda haka sassan motar a jirgin sama ake ɗauko su daga Lyon zuwa Kano, a sa a manyan motoci zuwa Kaduna. Ku tsaya ku yi tunani: injin mota a jirgin sama! Wajen 1980 masana'antar na fitar da motoci sama da 50,000 a shekara, da dubban ma'aikata. Ba ita kaɗai ba ce, akwai Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Volkswagen a Legas.

A nan ne, a ganina, asirin "ƙarfen" kawuna yake. Daga Maraɗi ko Damagaram, Kano tafiyar yini ɗaya ce, kuma duk abin da ya lalace a jikin 504 akwai shi a kasuwa, sabo ko na hannu. Kowane makanike a ƙarƙashin bishiya ya san ta kamar yunwar cikinsa, yaran garaji a kanta suke koyon aiki. Mota ce mai dangi a ko'ina. Tana lalacewa kamar kowace mota, sai dai ba ta kwana a daji.

Wannan sauƙin gyara ya koya wa direbobinmu wasu halaye da har yau ba mu rabu da su ba. Doguwar 504 mai kujeru layi uku an yi ta ne don mutum bakwai. A tasha sai ta ɗauki tara, goma, biyu a gaba gefen direba, buhunan gero da akuya a sama. Makera su ƙara mata ƙarfe a baya don ta jure. In an zo gangara sai a kashe inji ko a cire giya don tsimin isansi, kuma direban da ya yi haka gwani ake ce masa. Taya sai ta yi sumul kamar tafin hannu kafin a canza. Yawancin direbobin daga karen mota suka taso, sun iya mota ƙwarai, amma ba a makaranta suka koyi dokar hanya ba, takardar tuƙi daga baya take zuwa. Tsofaffi na cewa yaran yanzu ne masu gudun banza. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare, sai dai lodin da ya wuce kima ba yaran yanzu suka ƙirƙiro shi ba. Gado suka ci.

Faɗuwar ta zo a hankali. A Turai an daina ƙera ƙaramar 504 a 1983. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka har zuwa 1986, direbobin Maraɗi da Konni suka ji jiki. A 1986 ɗin kuma Babangida ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu, Naira ta faɗi, sassan da ake sayowa daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati. Kaduna ta shiga rage aiki da sallamar mutane. Mu ma namu ya same mu a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Daga nan kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai masu sauka a Kwatano, su hauro ta Gaya, su tsaya a filayen Maraɗi da Konni kafin su tsallaka kudu. Nijar ta samu kuɗin duwan, ƴan kasuwa da masu tuƙo motocin suka samu abinci. Amma kowace mota da ta ƙetara haka, ciniki ne da ma'aikacin Kakuri ya rasa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba mu cika son faɗinta ba.

Hiace ta kori 504 daga tasha don tana ɗaukar mutane ninki biyu, Starlet da Corolla suka cika tasi a Yamai, manyan bas-bas suka karɓe dogon zango a kan gudurun. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, a 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a kamfanin. Motar kawuna tana nan a ƙofar gida bisa duwatsu huɗu, kaji na ƙwai a kujerar baya. Masu sayen ƙarfe sun zo sau uku, ya kore su.