Ƙananan manhajojin layin umarni da haruffa masu ƙugiya: matsaloli da gyaransu

Manhajojin layin umarni su ne ƙananan kayan aikin kwamfuta da ake kira ta hanyar rubuta sunansu, ba da danna hoto ba. Sanannu a cikinsu su ne sort mai jera layuka, grep mai neman kalma, wc mai ƙirga, da cut da tr da sed masu yanka rubutu ko sauya shi. Asalinsu tsarin Unix ne na shekarun 1970 a Amurka, lokacin da kwamfuta ba ta san wasu haruffa ba sai na Ingilishi.

A wuri kamar Touboro, cikin yankin Mayo-Rey na arewacin Kamaru, kusa da iyakokin Chadi da Afirka ta Tsakiya, fayil guda na sunayen manoman auduga ko na 'yan kasuwar Mbaïboum yana iya ɗaukar Faransanci mai é, Fulfulde mai ɓ da ɗ da ƴ, da Hausa mai ƙ. Nan ne tsofaffin kayan ke tuntuɓe, kuma sunan da ya lalace a jerin biyan kuɗi mutum ne da zai koma gida hannu rabbana.

Tushen matsalar shi ne bambancin harafi da bayit. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin a bayit ɗaya ne, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne biyu ne. Sunan Ɗanladi haruffa 7 ne, bayit 8. Umarnin wc -c zai ce 8, wc -m zai ce 7. Shekara da shekaru cut -c na GNU bayit yake ƙirgawa, don haka yakan tsaga harafi biyu ya bar wata alama da ba ta karantuwa. Na tr ya fi muni. Idan aka ce ya mayar da ƙ zuwa k, sai ya sauya bayit biyun ɗai-ɗai, a samu kk. Kuma da yake ƙ da ƴ bayit ɗinsu na farko iri ɗaya ne, duk wata ƴ da ke fayil ɗin ita ma ta lalace, ba tare da gargaɗi ba. Maganin shi ne a ba sed aikin, a kwamfutar da aka saita kan UTF-8.

Jerin sunaye kuwa ya dogara da saitin harshe, wanda umarnin locale ke nunawa. Idan saitin C ne, sort zai kai Ɗanladi bayan Zubairu. Da saitin fr_FR.UTF-8, ko ha_NG na Hausar Najeriya da ke cikin glibc, sunan yakan koma kusa da masu D. Saitin Faransanci yana da nasa tarko: waƙafi ne ke raba lamba, 12,5 maimakon 12.5, kuma sort -n yana bin wannan ƙa'ida.

Akwai kuma 'y da Najeriya ke rubutawa inda Nijar ke sa ƴ. A wurin grep waɗannan kalmomi biyu ne dabam, kuma alamar ' tana da ma'anarta ta musamman a layin umarni, shi ya sa kalma kamar 'ya'ya sai an rufe ta da alamar zance mai biyu. Fayil da aka adana da tsohon tsarin Windows-1252 iconv na iya mayar da shi UTF-8, amma tsarin ba shi da ƙ ko ɗ tun farko. In sun riga sun zama alamar tambaya, sai dai a sake rubutawa da hannu.

Ɗaya ɓangaren shi ne umarnin da ya yi aiki a wata na'ura ya ƙi a wata. Suna ɗaya ne, masu ƙera su da yawa: GNU a yawancin Linux, na BSD a macOS, BusyBox a ƙananan na'urorin intanet, toybox a wayoyin Android tun 2015. Misali sed -i yana tafiya shi kaɗai a GNU, a macOS kuwa yana neman ƙarin bayani a bayansa. Ƙa'idar POSIX, da ta fara fita a 1988, ita ce abin da dukkansu suka fi kusa da yarda da shi, kuma wanda ya tsaya a kanta ya fi samun sauƙi. Sabon rubutu ma ba ya tsira: Ubuntu 25.10 ya koma kayan da aka sake rubutawa da harshen Rust, sai wani kuskure a umarnin date ya hana na'urori duba sabuntawa da kansu, har aka gyara.

Masu gyaran waɗannan manhajoji, da yawansu 'yan sa kai, suna buƙatar abu uku daga mai kai ƙorafi: lambar sigar da --version ke bayarwa, abin da locale ya nuna, da layi ɗaya ko biyu da ke maimaita kuskuren. Misalin a haɗa shi da sunayen ƙirƙira, kada a tura ainihin jerin mutane.