Yadda Ibo Suka Dawo Minna Bayan Yaƙin Basasa

Yaranmu na ganin shagunan Ibo jere da namu a kasuwa, suna tsammanin haka abin yake tun fil'azal. To ba haka ba ne.

Mu da su duk baƙi ne a ƙasar Gwari. Jirgin ƙasa ne ya tara mu, tun da aka ja layin dogo daga Baro zuwa Kano, aka gama a 1911. Kai, Azikiwe da Ojukwu ma a nan Zungeru aka haife su.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1966 an kashe Ibo masu yawa a garuruwan Arewa, sauran suka cika jirgi suka gudu. Namu da ke Gabas su ma aka taɓa su, suka dawo hannu rabbana. Yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Magana ce mai daɗi, amma ba ta zama jari. Duk wanda ya juya kuɗinsa na banki a ƙarƙashin Biyafara, komi yawansu, fam 20 aka ba shi. Da me mutum zai tashi?

Iyayenmu sun ba mu labarin abin da ya tashe su. Wani ya dawo a tsorace, ya tarar maƙwabcinsa ya riƙe masa gida, ya tara kuɗin haya na shekara uku, ya ƙirga masa cif. Wani aka ba shi kaya bashi, in ya sayar ya biya. Ba kowa ya yi haka ba, akwai waɗanda suka ci amana. Amma a Fatakwal gidajen Ibo da yawa ba su koma hannun masu su ba, ga shi ciwon bai warke ba har yau.

Malamanmu sun karantar da mu cewa amana ba ta tambayar addinin mai ita. Mu tuna muna da 'yan'uwa a Anaca da Aba, abin da muka shuka nan shi za su girba can.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.