Yadda waƙoƙin bijirewa na Birtaniya suka koma kiɗan kantuna

Whalley Range unguwa ce a kudancin Manchester, wadda wani mai banki, Samuel Brooks, ya kafa a shekarun 1830 domin masu hannu da shuni. Zuwa shekarun 1970 an rarraba da yawa daga cikin manyan gidajenta zuwa ɗakunan haya masu arha, inda ɗalibai da baƙi da matasa marasa aikin yi suka tare. Irin wannan ɗaki ne ƙungiyar mawaƙa ta The Smiths ta ambata, tare da sunan unguwar, a waƙarta "Miserable Lie" da ke kundinta na 1984.

The Smiths ba su yi waƙa don faranta wa manya rai ba. Kundinsu na 1985 ya kira cin nama kisan kai, na 1986 kuwa ya yi wa gidan sarauta shaguɓe. Har a 2010 mai kaɗa jitarsu, Johnny Marr, ya fito fili ya ce ya haramta wa Firaminista David Cameron son waƙoƙinsu. Amma shekara guda bayan haka, kantunan John Lewis suka ɗauki wata waƙarsu, aka sake rera ta cikin taushin murya, suka yi tallar Kirsimeti da ita.

Ba su kaɗai ba ne. A ranar 4 ga Yunin 1976 ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasa a wani ƙaramin zaure na Free Trade Hall a tsakiyar Manchester, kuma cikin 'yan kallon akwai Morrissey, wanda daga baya ya zama mawaƙin The Smiths. A 1977 BBC ta ƙi sanya waƙarsu ta "God Save the Queen". Yau ginin otal ne, kuma a 2015 bankin Virgin Money ya buga sunan Sex Pistols a jikin katunansa na bashi.

A Birmingham ma haka abin yake. Ƙungiyar UB40, wadda aka kafa a 1978, ta samo sunanta ne daga takardar da marasa aikin yi ke amfani da ita wajen karɓar tallafin gwamnati. Waƙarta "One in Ten" ta 1981 kukan rashin aikin yi ce. Sai dai wadda aka fi ji a kantuna ita ce "Red Red Wine" ta 1983, wadda asalinta ma ta Neil Diamond ce. Kasuwa takan tsince mai daɗin sauraro, ta bar mai ɗaci.

Me ya sa kantuna ke son tsofaffin waƙoƙi?

Sayar wa 'yan kasuwa kiɗa tsohuwar sana'a ce, wadda kamfanin Muzak na Amurka ya shahara da ita tun shekarun 1930. A 1982 wani masanin kasuwanci, Ronald Milliman, ya gano cewa kiɗa mai sanyi na sa masu sayayya tafiya a hankali, kuma cinikin kantin da ya yi gwajin ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari.

Ga kuma shekaru. Saurayin da ya yi ta tsalle a 1977 yanzu ya haura sittin, shi ne mai tura keken sayayya, shi ne mai kuɗi a aljihu. Waƙar da ta tayar wa iyayensa hankali, a wurinsa tuna baya ce kawai. Kuma idan aka rage sauti, kalmomin zafin sukan nutse cikin ƙarar firji da na'urar karɓar kuɗi.

Mawaƙan ma ba su tashi a tutar babu ba. A Birtaniya, kanti ko wurin aski ko gidan abinci da ke sanya wa jama'a kiɗa yana bukatar lasisi. Tun 2018 ƙungiyoyin PPL da PRS suka haɗa nasu wuri guda, kuma suna raba kuɗin ga marubutan waƙoƙi da mawaƙa da kamfanonin da suka mallaki faifan.